Kwana Huɗu da Surukina a Kan Kogin Nilu

Tun da muka dawo daga Aswan ban huta da tambaya ba. In na zauna cin koshari a bakin titin Hay el-Sabi', sai wani ya jawo kujera ya ce, "Mansur, wai da gaske akwai lif a cikin jirgin ruwa?" In na fito daga masallaci wani ya tare ni ya ce, "An ce kai da surukinka ɗaki ɗaya kuka kwana. Rantse." Na gaji da maimaitawa, kuma duk wanda na ba labarin sai ya ƙara masa gishiri kafin ya kai wa na gaba. Shi ya sa na zauna na rubuta, kowa ya karanta da kansa ya ƙyale ni in yi bitar jarrabawa.

Bari in fara da Baba, domin tafiyar tasa ce, ni ɗan rakiya ne. Baba mahaifin matata ne, mutumin Yauri. Ya yi shekara arba'in yana da jiragen kwale-kwale masu inji a kan Kwara, yana ƙetarar da mutane da buhunan albasa da busasshen kifi. Ciwon suga ya kawo shi Alkahira. Likitoci suka yi iya ƙoƙarinsu, daga ƙarshe aka yanke masa ƙafar dama daga ƙasan gwiwa. Ɗansa da ya rako shi hutun aikinsa ya ƙare ya koma gida, Baba ya tare a wurinmu.

Rauni ya warke, likita ya sallame shi, amma Baba ya ce ba zai koma Yauri ba. Duk lokacin da ƙaninsa ya kira ya tambayi ranar dawowa, sai ya ce, "Ana dai magani." Alhali magani ya ƙare. Sau ɗaya ya gaya wa 'yarsa gaskiya: mutumin da aka saba gani tsaye a bakin jirgi yana ba da umarni ba zai koma a riƙa tura shi a keken guragu ana nuna shi ba. Ko baranda ba ya fita. Ga iyali suna jiransa a gida, ga takardar zamansa a Masar ta kusa ƙarewa, shi kuma yana ƙara ramewa a ɗaki.

Matata ce ta ce in akwai abin da zai fitar da shi, to ruwa ne. Ta ji labarin jiragen yawon shaƙatawa da ke tashi daga Luksor zuwa Aswan, ta yi ta yi masa magiya har ya ce zai je ya ga kogin da aka jefa Annabi Musa a ciki. Ita kuwa tana jego, ko arba'in ba ta yi ba. Saboda haka rakiya ta faɗo kaina.

Ku da kuka san ni kun san ba shiru-shiru ba ne ni, amma a gaban Baba ko ruwa ban taɓa sha ba. Wata huɗu muna gida ɗaya. Da safe in durƙusa daga bakin ƙofa in gaishe shi, in saci jiki in fice, ba zan dawo ba sai na tabbatar ya shiga ɗaki. Shi ma "Malam" yake ce mini, yana kallon bango. Haka aka tarbiyyantar da mu, kuma ni har alfahari nake yi da hakan.

Na hau metro na tafi Ma'adi, wani ofishin masu shirya tafiye-tafiye. Wata mata mai tabarau ta karɓe ni. Da ta ji akwai mai keke a cikinmu sai ta jawo wata doguwar takarda ta fara tambaya.

"Hajji yana iya tsayuwa shi kaɗai?"

Na ce, "Tamam," wato lafiya lau.

"Yana wanka da kansa? In ya shiga banɗaki yana iya zama ya tashi ba a riƙe shi ba?"

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ni in san yadda surukina yake wanka? A gida 'yarsa ce ta ajiye masa kujerar roba da bokiti, ni ko wajen ba na kallo. Na ce, "Tamam, tamam," don ta wuce wurin da sauri.

Ta ce jirgin yana da ɗaki na musamman don masu keke: ƙofa mai faɗi, ƙarafan riƙo a jikin bango, kujerar wanka, da gado biyu, ɗaya na mai rakiya. Shi za ta ba mu.

Na ce, "A'a, Madam. Ɗaki biyu nake so. In da hali ma, nawa ya kasance a wani benen."

Ta cire tabarau ta dube ni. "Faɗa kuka yi?"

"Ba faɗa muka yi ba. Surukina ne."

Ba ta gane ba, kuma ban ga laifinta ba. Mutumin Masar yakan rungumi surukinsa ya sumbace shi a kumatu, su zauna kujera ɗaya suna kallon ƙwallo suna musu. Ta sake yi mini bayanin amfanin ɗakin, na sake ƙi. Ta ɗaga kafaɗa ta ce, "Khalas, shi ke nan, yadda ka so." Na fito ina jin daɗi, a ganina na kare mutuncin Baba.

Da sassafe muka kama jirgin ƙasa daga tashar Ramsis. Baba ya sa babbar riga, ya shimfiɗa bargo daga cinya har ƙasa, a cikin wannan zafi. Matakalar jirgin tana da tsawo, 'yan dako biyu suka ɗaga shi da kekensa cak, shi kuma ya sunkuyar da kai har aka dire shi. Na zauna layi uku a bayansa. Da yunwa ta kama ni na tafi tsakanin taragu biyu, kusa da mai shayi, na ci burodina da ɗa'amiyya, ƙosan Masar, a tsaye, jirgi yana jijjiga ni, shayi yana zuba mini a riga. Mai shayin ya tambaye ni ko ba ni da kujera. Na ce ina da ita, na fi son iska.

Hanyar doguwa ce, yini guda. Ta taga sai gonakin rake da dabino da jakai, kore shar, sannan can baya rairayi ya fara kamar an ja layi. Duk lokacin da kogin ya bayyana sai in ga hular Baba ta ɗago.

Mun isa Luksor gab da magariba. Jama'a, abin da muke kira jirgin ruwa a gida ba shi ne wannan ba. Otal ne mai hawa biyar aka ɗora a kan ruwa. Kuma da yake jiragen sun fi bakin gaɓar yawa, jera su ake yi gefe da gefe. Namu shi ne na huɗu daga tudu. Sai ka shiga na farko ka ratsa zaurensa, ka taka katako ka shiga na biyu, haka har ka kai naka. Kowane zaure da ƙamshinsa da fitilunsa, kowanne da mutane zaune suna kallon masu wucewa. Ma'aikata huɗu suka kama keken Baba ta kusurwa huɗu suna cewa "Yalla, ya Hajj, bismillah," suka wuce da shi a sama, ba su ko haki. Ni abin ya burge ni ƙwarai. Sai da muka isa na lura Baba ya ja gefen rigarsa ya rufe fuska.

Aka tarbe mu da wani jan abin sha a kofin gilas mai tsawo, suna kiransa karkade. Na kurɓa da ladabi, na ji ashe zoɓo ne. Aka kai Baba ɗakinsa a hawa na biyu, ni aka kai ni na huɗu. Ta lif muka hau, kuma ga amsar masu tambaya: akwai shi, ƙarami, daidai keke ɗaya da mutum ɗaya, maɓallansa a ƙasa-ƙasa inda hannun mai zaune zai kai, da ɗigo-ɗigon rubutun makafi a jikinsu.

Washegari jirgin bai tashi ba, ranar yawon Luksor ce. Na ƙwanƙwasa ƙofar Baba na gaishe shi daga waje.

"Baba, za a fita ganin gine-ginen Fir'auna. Ko a zo a tura ku?"

"Je ka abinka, Malam. Zan huta."

Na ce a riƙa kai masa abinci ɗaki, na bi ayari. Karnak ta kashe mini baki. Ginshiƙai ne na dutse, mu biyar muka riƙe hannu ba mu zagaye ɗaya ba, kuma har yanzu fentin da aka shafa a samansu bai gama goguwa ba. Na tsaya a ƙarƙashinsu wuyana ya gaji da kallon sama, ina tunanin masu wannan ƙarfi duk sun tafi. Na karanta labarinsu a aji sau da yawa, amma sai ranar tsoronsa ya shige ni.

Da na koma ɗaki na buɗe ƙofa sai na ga kada kwance a kan gadona, baki buɗe, sanye da hulata. Na yi baya da salati har na buge da bango. Ashe tawul ne masu gyaran ɗaki suka naɗa, al'adarsu ce, kullum da dabbar da za su yi maka. Da yamma kuma na gamu da teburin abinci mai tsawon layin sallah, kowa ya ɗibi abin da yake so. Na ci har na ji kunyar kaina. Na sake bi ta ƙofar Baba na ce ko akwai abin da ake bukata, ya ce alhamdu lillahi. Na tafi na kwanta hankalina kwance.

Rana ta uku da hantsi ina jingine da ƙarfen saman jirgi, sai na ji an ce a bayana, "Kai, ɗan Hausa." Na juya na ga wani dattijo baƙi dogo cikin kayan ma'aikata. Sunansa Amm Usman, shi ne shugaban masu gyaran ɗakuna. Daga baya ya gaya mini kakansa ya bar Haɗeja a ƙasa zai tafi hajji, ya yada zango a Sudan, zangon ya zama gida. Hausarsa irin ta tsofaffi ce, da Larabcin Sudan a cikinta. Amma a lokacin ba hira ta kawo shi ba.

"Tsohon nan na hawa na biyu, mene ne shi a wurinka?"

"Surukina ne."

Ya yi ajiyar zuciya. "Na faɗa a raina. Ya zol, bawan Allah, ka san tun daren da kuka zo bai ci komai ba? Tire yana shiga yana fitowa yadda yake. Ruwan gora ma ko buɗe shi bai yi ba."

Na ce wataƙila abincin ne bai yi masa ba.

"Ba abinci ba ne. Ka taɓa leƙa banɗakin ɗakinsa? Ƙofar ba ta cin keke. Akwai dakali a bakinta, ciki kuma tayil ne mai santsi da bahon wanka mai zurfi. Daren farko ya gwada shiga da sanda ya faɗi. Da jan jiki ya fito. Na ga alama da safe na tambaye shi, ya ce in rufa masa asiri kada in gaya maka. Tun daga nan ya daina ci da sha don kada bukata ta kama shi. Mutum mai suga! Na yi shiru jiya, yau ba zan iya ba."

Na tuna tambayoyin matar Ma'adi ɗaya bayan ɗaya, da "tamam" ɗin da na yi ta jera mata.

Na ce, "Amm Usman, ko za ka sa ɗaya daga cikin mutanenka ya riƙa taimaka masa?"

Ya dube ni sama da ƙasa. "Za mu taimaka, aikinmu ne. Amma ya ƙi baƙo, kai kuma ka ƙi kanka. Mu ma muna kunyar suruki, har yau ban taɓa cin abinci gaban uwar matata ba. Amma wannan da kuke yi, kai kana kunya shi yana kunya, gawa za ku sauke a Aswan. Ɗakin da ka ƙi yana nan a kulle ba a ba kowa ba. Yalla, wuce gaba."

Ban ƙwanƙwasa ba, sallama kawai na yi na shiga. Baba yana kwance, leɓɓansa sun bushe sun tsage, gwiwar hannunsa ta kumbura ta yi baƙi. Ya yi ƙoƙarin jawo bargo ya kasa. Aka kira mai duba marasa lafiya na jirgin, ya auna sugansa, ya ba shi abin sha a hankali, ya yi mini faɗa da Larabci mai sauri wanda rabinsa kawai na kama, kuma rabin ya ishe ni. Na durƙusa a gaban gadon na ce, "Baba, laifina ne. An ba mu ɗakin da ya dace na ƙi karɓa."

Ya ce, "Da ka karɓa ma da ni na ƙi shiga."

Aka mayar da mu sabon ɗakin. Wanda ya tsara shi ya zauna ya yi tunanin mai ƙafa ɗaya tun daga ƙofa har gado. Ƙasan banɗakin a shafe yake da na ɗaki, keke yana shiga ya juya. Ga ƙarfen riƙo duk inda hannu zai nema. Ga kujera manne da bango, a sauke ta a zauna a yi wanka. Ga jan igiya tana lilo har kusa da ƙasa, wanda ya faɗi ya ja, a zo. Ko madubin an karkato shi don mai zaune ya ga fuskarsa. Na tsaya ina kallo ina mamakin yadda mutane suke ɗaukar lalurar wani su mai da ita aikin injiniya. A gida mai keke in ya zo bakin matakala sai dai ya jira masu tausayi.

Duk da haka, a yadda ya galabaita, ba zai iya tashi daga keke zuwa kujerar shi kaɗai ba. Amm Usman ya ajiye tawul ya fita ya ja ƙofa. Baba ya ɗaura zane, na naɗe ƙafar wando. Na sa hannu a ƙarƙashin hammatarsa, karo na farko da jikina ya taɓa nasa ban da musabaha ranar ɗaurin aure. Na zaunar da shi. A nan na ga dungun ƙafar, wanda wata huɗu ana ɓoye mini shi.

Ya ce, "Malam, ka ga abin da ya rage."

Na ce, "Na gani, Baba."

"To, sakar mini ruwan."

Na sakar masa, na cuɗa masa baya, ina kallon tayil. Da muka gama ya yi alwala da ruwa, bayan yini biyu yana taimama.

Aka kawo abinci tire ɗaya, shinkafa da kaza da wata koriyar miya mai yauƙi da suke ji da ita, molokhiya. Baba ya ɗanɗana ya ce, "Lalo ne, sun dai cika masa tafarnuwa." Sannan ya turo tiren tsakiya. "Sa hannu."

"Na ƙoshi, Baba."

"Yanzu ka gama wanke ni, kuma shinkafa ce za ka ji kunyarta? Sa hannu."

Na sa. Na ci kamar amarya, loma ƙanana, amma na ci.

Bayan azahar jirgi ya tashi. Na ce ko za a hau sama a sha iska, ina jiran ya ce a'a, sai ya ce a je. Da bargonsa dai. Muka sami inuwa a gefe. Kogin ya buɗe a gabanmu, faɗi da natsuwa, masunta suna dukan ruwa da sanda don kora kifi cikin raga. Baba ya ce haka Sarkawa suke yi. Daga nan bakinsa ya buɗe. Ya nuna mini inda ruwa ke da zurfi da inda yashi ya taru, daga launinsa kawai, kuma duk inda ya ce matuƙi zai kauce sai in ga jirgi ya kauce.

Da la'asar muka iso Esna. Tun daga nesa 'yan kasuwa suka taso mana a ƙananan kwale-kwale, suka ɗaura igiya a jikin jirgin yana tafiya, suna jefo jallabiyoyi a cikin leda har hawa na biyar. In ka so ka saya, in ba ka so ka jefa musu abinsu. Ɗaya ta faɗo a cinyar Baba. Ya leƙa ƙasa, bai kula da rigar ba, ya ce, "Wancan ɗaurin igiyar na ragwaye ne."

Sannan jirgin ya shiga wani dogon akwati na kankare, bango dama bango hagu, har kana iya taɓawa. Wata ƙatuwar ƙofar ƙarfe ta rufe a bayanmu. A gabanmu wata ƙofar ce, kuma ruwan da ke bayanta ya fi namu tudu. Aka kashe inji. Muna zaune sai na ga bangon yana nutsewa. Ashe mu ne muke tashi. Otal mai hawa biyar, da mutanensa da tukwanensa da lif ɗinsa, yana hawa sama a hankali ba ƙara ba girgiza.

Baba ya riƙe ƙarfe ya ce, "Malam, me ke ɗaga mu?"

"Ruwa ne kawai, Baba. Suna sako shi ta ƙasa."

Ya yi ta tasbihi. Ya ce shekara arba'in yana kan ruwa bai san ana hawa bene da shi ba. Da ƙofar gaba ta buɗe muka fita a kan sabon ruwa, sai ya ce, kamar da kansa yake, "Ashe wannan ƙaton ma in ya zo inda ba zai iya hawa ba, tsayawa yake a ɗaga shi."

Washegari muka ga wani abin. Akwai wurin ninƙaya a saman jirgin. Wani tsohon Bature ɗan Holan ya zo da gajeren wando, ya zauna a bakin ruwan, ya kwance ƙafarsa ta roba ya jingine ta da kujera kamar yadda muke ajiye takalmi a ƙofar masallaci, ya faɗa ruwa. Babu wanda ya ko waiwaya. Baba kuwa ya kasa ɗauke ido. Da mutumin ya fito ya ce in tambaye shi tun yaushe. Ya ce tun yana saurayi, hatsarin babur ne.

"Tambaye shi, ba ya jin kunya?"

Na ɗan sassauta tambayar da na juya ta. Baturen ya yi dariya ya ce in gaya wa Baba ƙafar ce ya kamata ta ji kunya, ita ta gudu ta bar aiki. Baba ya yi dariya har da tari. Mutumin ya miƙo masa ƙafar robar, Baba ya juya ta, ya ƙwanƙwasa, ya duba maɗaurinta kamar mai sayen inji.

Kada in yi muku ƙarya, ba ko'ina ne da sauƙi ba. A cikin jirgi an gyara komai, amma da ka taka tudu sai matakalai da duwatsu. A Edfu keken doki ake hawa zuwa wurin tsofaffin gine-ginen, muka haƙura. A Kom Ombo ma'aikatan suka sake ɗaga shi, wannan karon fuskarsa a buɗe, har yana ce musu su yi hankali da katakon hagu. Muka ga kadojin da mutanen zamanin Fir'auna suka shafe da magani suka naɗe kamar gawar sarakuna. Baba ya ce a Yauri da sun ga ta kansu.

A Aswan, ranar ƙarshe, aka ce akwai yawo a faluka, wato kwale-kwale mai filafilan zane wanda iska kaɗai ke tura shi. Nan kam babu lif babu shimfiɗa. Matakalar dutse ce, sai siririn katako, mutum biyu sun riƙe gora a gefe a matsayin abin dafawa. Keke ba zai bi ba. Na fara neman kalmomin ba da haƙuri, sai na ji Baba ya ce, "Malam, juyo bayanka."

Na durƙusa ya hau. Bai kai nauyin da na zata ba, kuma wannan ya sosa mini rai. Na taka katakon yana lanƙwasa, Baba yana ce mini a kunne, "Kada ka kalli ruwa, kalli inda za ka." Sai da na dire shi na lura bargon yana can a ɗaki.

Matuƙin wani Banube ne, ɗan ƙabilar yankin, mai farar jallabiya. Ba su da yare ɗaya da Baba, amma cikin ɗan lokaci suna hira da hannu a kan iska da igiya. Mutumin ya dubi yadda Baba yake bin filafilan da ido, sai kawai ya matsa ya sakar masa sandar tuƙi. Mai tuƙin faluka a zaune yake aikinsa. Baba ya sa sandar a hammata, ya ɗaga fuska ya ji iska, ya karkata mu muka bi ta tsakanin wasu baƙaƙen duwatsu masu sulɓi. Turawan da ke ciki suka yi tafi. Da itacen filafilan zai juyo ya daka mini tsawa, "Sunkuya!" da wata murya da ban taɓa jin ta ba, muryar da matata take ba ni labarinta. Na sunkuya. Banuben ya dafa ƙirji ya ce masa, "Ya rayyis," wato sarkin jirgi. Ban taɓa ganin abin da ya cika mini ido kamar wannan tsoho da dungunsa a fili yana tuƙa mu a kan Nilu ba.

Muka yi sallama da Amm Usman, ya ce in gaida Haɗeja in na je, ko da yake shi bai taɓa ganinta ba. Muka kamo jirgin ƙasa zuwa Alkahira, kujera ɗaya kusa da ɗaya, muna cin gyaɗa daga leda ɗaya.

Kwana biyu da dawowarmu, muna zaune a falo da rana, wayarsa ta yi ƙara. Ƙaninsa ne daga Yauri. Matata ta dube ni, na dube ta. Na yunƙura zan ba shi wuri, ya yi mini alama in zauna. Ya ce a mayar da kiran na bidiyo. Bayan gaisuwa ƙanin ya yi tambayar da ya saba, a hankali, kamar mai tsoron amsa.

Baba ya juya wayar ya haska ƙafar, ya bar ta a nan har sai da na ji salatin ƙanin. Sannan ya mayar da ita fuskarsa.

"Ka gani? To ka gaya wa mutane mako mai zuwa ina tafe. Wanda zai kalla ya zo ya kalla, ya gama, mu kama aiki. A sa mini benci a bayan babban jirgin, kusa da inji."

Matata ta rufe fuska da mayafin jaririn. Ni kuwa na tashi na fita baranda da sauri. Na yi masa wanka, na goya shi, na ci abinci tire ɗaya da shi, amma ban kai ga yin kuka a gaban surukina ba tukuna.